Me ya sa 'yan Latino da yawa suka zaɓi Trump alhali yana cewa zai kori baƙi?

Tambaya

Assalamu alaikum Malam. Ni ɗan Kumasi ne, shekarata tara a unguwar Bronx ta birnin New York, ina aiki a wani ɗakin ajiyar kaya. Yawancin abokan aikina 'yan Jamhuriyar Dominican ne da 'yan Meziko, kuma ban taɓa ganin masu jimirin aiki irinsu ba. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, wani da muke cin abincin rana tare ya faɗa mini da bakinsa cewa Trump ya zaɓa a 2024, alhali ƙanin matarsa ba shi da takardun zama. Yaya mutum zai jefa ƙuri'a ga wanda ya yi alkawarin korar danginsa? Sannan duk wannan wahala da suke sha, suna ci gaba kuwa, ko a lebura za su ƙare su da 'ya'yansu? Na yi tambayar ne saboda ina ganin kamar hanyar da suka bi ita 'ya'yanmu za su bi.

Amsa

Wa'alaikumus salam, ɗan'uwa. Allah ya yi wa nema albarka, ya raya zuri'a.

Abokin aikinka ba shi kaɗai ba ne. A nan Bronx ɗin da kake, inda fiye da rabin mazauna 'yan Latino ne, wato masu asali daga ƙasashen Latin Amurka irin su Meziko da Dominican, Trump bai samu ko kashi 10 cikin 100 na ƙuri'u ba a 2016. A 2020 ya samu kusan 16, a 2024 kuma kusan 27. A ƙasar baki ɗaya, binciken cibiyar Pew, wadda ke tantance cewa wanda ta tambaya ya yi zaɓen da gaske, ya nuna Hillary Clinton ta samu kashi 66 na ƙuri'un 'yan Latino a 2016, Trump 28. Bayan shekara takwas Kamala Harris ta tashi da 51, Trump da 48. Tazarar da ta kai 38 ta koma 3. Ruwa ba ya tsami banza, kuma ba za ka gane dalilin ba sai ka fara sanin su wane ne mutanen, da yadda suke cin abinci.

Kuskuren da aka fi yi, har a cikin 'yan siyasar Amurka, shi ne yi musu kuɗin goro. Ɗayan sunan da ake kiransu da shi, "Hispanic", ma gwamnati ce ta ɗauke shi don aikin ƙidaya a shekarun 1970, kuma a ƙidayar 1980 aka fara yi wa kowane gida tambayar. Ƙarƙashin wannan suna ɗaya aka tara mutum miliyan 62 a ƙidayar 2020, kusan ɗaya cikin biyar na jama'ar ƙasar. Kusan kashi 60 cikinsu asalinsu Meziko ne, sai 'yan Puerto Rico, sai 'yan El Salvador da Kyuba da Dominican. In ka tambayi abokinka shi wane ne, da wuya ya ce maka Latino. Ɗan Dominican zai ce maka. Kuma kusan biyu bisa uku na waɗannan mutane a Amurka aka haife su.

Wasunsu ma ba su taɓa tsallaka iyaka ba. Kalifoniya da Nevada da Utah da mafi yawan Arizona da New Mexico duk ƙasar Meziko ce har 1848, lokacin da aka ƙulla yarjejeniyar Guadalupe Hidalgo bayan yaƙi, Amurka ta karɓe su da mutanen da ke ciki. Teksas ta riga su shiga a 1845. A kudancin Teksas da arewacin New Mexico akwai gidajen da kaburburan kakanninsu suka girmi zuwan tutar Amurka wurin. 'Yan Puerto Rico kuwa, Amurka ta ƙwace tsibirinsu daga Sifaniya a 1898, ta mayar da su 'yan ƙasa a 1917. Ɗan Puerto Rico ba ya buƙatar biza, babu kuma mai iya tasa ƙeyarsa zuwa ko'ina. Kai da ka fito daga Kumasi ka san wannan: wanda aka haifi kakansa a zango ɗan Ghana ne, kuma ranar zaɓe farashin kaya a kasuwar Kumasi zai tuna, ba abin da ke faruwa a garin da kakan kakansa ya baro ba.

Sai ka riƙe wani abu mai sauƙi da ake yawan mantawa: ɗan ƙasa kaɗai ke zaɓen shugaban ƙasa. Mai katin zama na dindindin ba ya zaɓe, balle marar takarda. 'Yan Latino da suka cancanci zaɓe a 2024 sun kai miliyan 36, kuma babu ɗaya daga cikinsu da doka ta yarda a kora. Mai ƙuri'a daban, wanda ake nema daban, ko da tukunya ɗaya suke ci.

Abin da idonka ya gani na jimirin aiki, alƙaluman ma'aikatar ƙwadago sun tabbatar da shi. Cikin kowane mutum 100 da suka kai shekara 16 a Amurka, kusan 62 zuwa 63 ne ke aiki ko neman aiki. A cikin 'yan Latino adadin ya kusa 67, a mazansu kuma ya kai wajen 75. Dalili na farko ƙuruciya ce: tsaka-tsakin shekarunsu wajen 31 ne, na Turawan ƙasar kuwa ya haura 40, wato kaso mai yawa na Turawa sun yi ritaya ko sun kusa. Na biyu, wanda ya bar garinsu don neman kuɗi ba zama ya zo yi ba, kamar kai. Na uku shi ne wanda ba a so a faɗa. Da yawansu ba su da abin da za su jingina da shi in suka zauna. Marar takarda ba ya samun kuɗin tallafin rashin aiki, ba ya samun tallafin abinci. Mai katin zama ma, tun dokar 1996, sai ya jira shekara biyar kafin ya cancanci yawancin tallafin gwamnatin tarayya. Ga kuma na gida suna jiran aike. Kuɗin da aka tura Meziko kaɗai a 2023 ya haura dala biliyan 63, a El Salvador da Honduras kuwa aiken 'yan ci-rani ya kai kusan rubu'in arzikin da ƙasar ke samarwa a shekara. Mutumin da ke cikin wannan hali ko da zazzaɓi zai fita.

Ayyukan da suka fi yawa a ciki su ne masu cin jiki. Kusan ɗaya cikin uku na masu aikin gini a Amurka 'yan Latino ne, su ne birkiloli da kafintoci da masu rufin kwano da masu fenti. Su ne a mayankar kaji da shanu, a kicin ɗin gidajen abinci, a share ɗakunan otal, a gyaran lambu. A gonaki kuwa mafi yawan masu tsinkar 'ya'yan itace da kayan lambu a Meziko aka haife su, kuma binciken gwamnati da kanta ya nuna kusan kashi 40 na waɗannan ma'aikatan gona ba su da izinin aiki. Wannan ba haka kawai ya faru ba. Lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, da samari suka tafi fagen daga, Amurka ce ta aika Meziko neman hannu. Shirin da ake kira Bracero ya fara a 1942, bai tsaya ba sai 1964, an sa hannu a kan kwantiragi sama da miliyan huɗu da rabi. Da aka rufe shirin, gonakin ba su daina buƙatar mutane ba, mutanen kuma sun riga sun san hanya. Waɗanda jiya suke shigowa da takarda sai suka wayi gari ana kiransu baƙin haure.

Akwai daren da ba na mantawa in ana wannan magana. Ranar 26 ga Maris 2024, da tsakar dare, wani jirgin ruwan dakon kaya ya daki gadar Francis Scott Key a Baltimore, ta rufta. Mutum shida suka mutu. Dukkansu leburori ne da ke cike ramukan titi a kan gadar yayin da gari ke barci, 'yan asalin Meziko da Guatemala da Honduras da El Salvador. Kuma ba su kaɗai ba ne: a 2022 ma'aikata 'yan Latino sama da 1,200 suka rasa rayukansu a bakin aiki, adadin da in an auna da yawansu ya fi na sauran ma'aikata. Duk wanda zai yi maka maganar cewa baƙi cima-zaune ne, ka tuna masa da wannan gada. Ka kuma ƙara masa da cewa marasa takarda sun biya harajin da aka ƙiyasta ya kusa dala biliyan 97 a 2022, ciki har da biliyoyin da aka cire musu zuwa asusun fansho wanda ba za su taɓa cin ko sisi daga cikinsa ba.

To suna ci gaba? Suna ci, kuma fiye da yadda aka yi zato shekara talatin da suka wuce. A tsakiyar shekarun 1990 kusan kashi 30 na 'yan Latino suna ƙasa da ma'aunin talauci na gwamnati. A 2022 da 2023 adadin ya sauko wajen 16 zuwa 17. A shekarar 2000, fiye da rubu'in samarinsu da 'yan matansu sun bar makaranta ba su gama sakandare ba. Yanzu abin bai kai ɗaya cikin goma ba. Wannan canji a cikin zamani ɗaya ya faru, a gidajen da uba bai wuce firamare ba.

Binciken da ya fi gamsar da ni shi ne na Raj Chetty na jami'ar Harvard da abokan aikinsa, wanda ya fito a 2018. Sun bi bayanan haraji na yara kusan miliyan 20, suka kwatanta abin da iyaye ke samu da abin da 'ya'yan suka zo suna samu da suka girma. Ka ɗauki samun kuɗi kamar tsani mai hawa 100. Yaron da iyayensa ke hawa na 25, in Bature ne yakan kai wajen hawa na 45, in ɗan Latino ne wajen na 43, in baƙar fata ne wajen na 33. Ka ga tsakanin ɗan Latino da Bature abin ya kusa zama ɗaya. Wasu masana biyu, Ran Abramitzky da Leah Boustan, sun gano cewa 'ya'yan baƙi daga kusan kowace ƙasa, har da Meziko, sukan wuce 'ya'yan haifaffun Amurka da suka taso cikin irin talaucinsu. Ɗaya daga cikin dalilan da suka bayar ya burge ni don sauƙinsa: baƙo ba shi da gonar gado da za ta riƙe shi a garin da ya mutu, inda aiki yake nan yake zuwa. Wani dalilin kuma, uba baƙo yakan karɓi albashin da bai kai iyawarsa ba saboda harshe da rashin takardar shaida da aka sani, ɗansa kuwa ya tashi da Turanci a baki.

Akwai ma nasarar da ƙidaya ba ta kamawa. Kusan huɗu cikin goma na 'yan Latino haifaffun Amurka da suka yi sabon aure, waɗanda ba 'yan Latino ba suka aura. Zuwa jikoki da tattaɓa kunne, da yawa sun daina kiran kansu da sunan. Galibi waɗanda suka fi ilimi da samu ne ke ficewa haka daga lissafi, sai a bar alƙaluman suna nuna abin bai kai yadda yake ba.

Amma kada in yi maka kwalliya. Albashi daban, dukiya daban, kuma a nan ne gizo ke saƙar. A 2023 tsaka-tsakin gidan 'yan Latino ya samu kusan dala 65,500 a shekara, na Turawa kusan 89,000. Tazara ce, amma ana hango juna. In ka koma kan abin da gida ya mallaka bayan an cire bashi, binciken babban bankin Amurka na 2022 ya nuna gidan Bature yana da kusan dala 285,000, na ɗan Latino kusan 62,000. Kusan rabinsu ne kawai ke zaune a gidan kansu, Turawa kuwa kusan uku cikin huɗu. Masu digiri a cikin manyansu ɗaya cikin biyar ne, rabin na Turawa. Da yawa ba su da inshorar lafiya, ba su da fansho daga wurin aiki. Ma'anar wannan ita ce gida zai iya samun kuɗi mai kauri a wata amma yana hannu baka hannu ƙwarya, kuma iska kaɗan ta isa ta kayar da shi. An gani a rikicin bashin gidaje: tsakanin 2005 da 2009 dukiyar tsaka-tsakin gidan Latino ta zube da kashi 66, saboda duk abin da suka tara a gida ɗaya yake, a jihohi irin su Nevada da Arizona da Fulorida da Kalifoniya inda farashi ya fi faɗuwa, kuma an ba su bashi mai tsadar ruwa. An sake gani a Afrilun 2020, da korona ta rufe otal da gidajen abinci, rashin aikinsu ya kusa kashi 19.

Ga wanda ba shi da takarda kuwa, rufin ɗakin a kusa yake. Zai yi shekara ashirin yana gini, ya iya aikin fiye da mai kwangilar, amma ba zai iya canza wurin aiki cikin sauƙi ba, ba zai kai ƙarar wanda ya cinye masa haƙƙi ba tare da fargaba ba. Rabon da a buɗe wa irin waɗannan ƙofa mai faɗi tun 1986, kuma shugaba Ronald Reagan na Republican, jam'iyyar Trump, ne ya sa hannu a dokar, mutum kusan miliyan 2.7 suka samu takardu. 'Ya'yan waɗannan mutane su ne malaman makaranta da ma'aikatan jinya da 'yan sanda da 'yan kwangilar yau.

Yanzu ka haɗa waɗannan biyu: mutum mai aiki kullum, yana hawa, amma ba shi da ajiya. Me zai fi girgiza shi? Tsadar rayuwa. A Yunin 2022 hauhawar farashi a Amurka ta kai kashi 9.1, abin da ba a gani ba cikin shekara 40. Wanda ke da gidansa da hannun jari, ƙimar kayansa tashi ta yi. Wanda ke biyan haya, yana zuba mai a motar ɗaukar kayan aiki, yana ciyar da mutum shida, shi ya ji a jikinsa. Kuma yana tuna 2019, lokacin da rashin aikin 'yan Latino ya sauko kusan kashi 4, talaucinsu ya yi ƙasa fiye da duk shekarun baya, Trump kuma na kan mulki. Masana za su yi ta gardama a kan wane ne ya jawo wancan sauƙi da wannan tsada, ni ma ina ganin an ɗora wa shugabanni abin da ya fi ƙarfinsu, amma mai zaɓe da aljihunsa yake auna gwamnati. A ganina wannan shi ne babban dalili, sauran duk ƙari ne.

Ƙarin ma ya bambanta daga wuri zuwa wuri. A Miami, 'yan Kyuba da suka gudo bayan juyin Fidel Castro na 1959 sun daɗe da Republican, kuma daga baya 'yan Venezuela da Nicaragua suka tarar da su da irin tabonsu. Duk wanda aka liƙa wa kalmar gurguzu a wannan gari ya shiga uku, ko da ƙarya aka yi masa. Gundumar Miami-Dade da Clinton ta ci a 2016 da tazarar kusan kashi 30, Trump ya cinye ta a 2024. A kan iyakar Teksas labarin daban ne. Gundumar Starr, inda kusan kashi 97 'yan Latino ne, Clinton ta ci ta da tazarar 60, Biden da 5 kacal, sannan Trump ya ɗauke ta, karon farko ga Republican cikin fiye da shekara 120. A wannan yanki aikin da ke biyan albashi mai kyau shi ne na rijiyoyin mai da na tsaron iyaka, kuma kusan rabin dakarun sintirin iyakar Amurka 'yan Latino ne. In ɗan takara ya yi maganar rage haƙar mai ko rage kuɗin jami'an tsaro, abincin gidansu ya taɓa.

Ana yawan cewa addini ne ya ja su. Akwai gaskiya a ciki, musamman a majami'un masu wa'azin bishara, waɗanda mabiyansu suka kai kusan kashi 15 na 'yan Latino kuma suka fi karkata ga Republican a kan zubar da ciki da tarbiyyar yara. Sai dai an fi ƙarfafa wannan dalili fiye da ƙimarsa. 'Yan Katolika a cikinsu sun ragu daga kashi 67 a 2010 zuwa 43 a 2022, waɗanda ba sa bin kowane addini kuma sun kai 30. Jama'ar da addini ke raguwa a cikinta ba za a ce addini kaɗai ya juya ta ba.

Sai maganar baƙin kanta, wadda ta fi damunka. Ba yau aka fara samun tsamin dangantaka tsakanin tsohon zuwa da sabon zuwa ba. Cesar Chavez, wanda ya kafa ƙungiyar ma'aikatan gona tare da Dolores Huerta a 1962, ya yi yaƙi a shekarun 1970 da shigo da marasa takarda, saboda masu gonaki na amfani da su wajen karya yajin aiki. A zamanin Biden abin ya dawo da sabuwar fuska. A Disambar 2023 kaɗai an kama kusan mutum 250,000 a iyakar kudu. Gwamnan Teksas, Greg Abbott, ya riƙa loda sabbin zuwa a motocin safa yana aikawa New York da Chicago, kai ma ka ga otal-otal da aka mayar masauki. Masu neman mafaka da yawa sun samu izinin aiki cikin watanni. Ka sa kanka a matsayin abokinka: ƙanin matarsa wataƙila ya shekara goma sha biyar yana biyan haraji a ɓoye ba a ba shi komai ba, ga wanda ya zo jiya an ba shi ɗaki da takardar aiki. Haushin ba a kan sabon zuwan ya kamata ya sauka ba, shi ma wahala ce ta koro shi, amma haushi ba ya tambayar inda ya dace.

Jam'iyyar Democrat kuma ta yi sakaci, dole a faɗa. Ta ɗauka waɗannan ƙuri'u nata ne har abada, musamman bayan abin da ya faru a Kalifoniya a 1994, inda gwamna Pete Wilson na Republican ya goyi bayan ƙudurin hana marasa takarda makaranta da asibiti, 'yan Latino na jihar suka juya wa jam'iyyarsa baya har yau. An manta cewa George W. Bush na Republican ya samu kusan kashi 40 na ƙuri'unsu a 2004. Obama ya yi alkawarin gyara dokar shige da fice, ya kare waɗanda aka shigo da su suna yara ta shirin DACA a 2012, amma a shekarar nan gwamnatinsa ta tasa ƙeyar mutum kusan 400,000. Ƙudurin gyaran ya wuce majalisar dattawa a 2013 da ƙuri'a 68, shugabannin Republican a majalisar wakilai suka ƙi ko gabatar da shi. Laifin na ɓangarorin biyu ne, amma wanda ya yi alkawari shi ake tuhuma. Bayan shekara da shekaru ana cewa gobe, mutum yakan ce tunda ba wanda zai ba surukina takarda, bari in zaɓi wanda nake ganin zai sauko da farashi.

Kuma na tabbata in ka matsa wa abokinka zai ce maka: masu laifi kawai za a kora, ba masu aiki ba. Mutane da yawa sun yi imani da haka da zuciya ɗaya. Ina ganin sun yi kuskure, kuma kuskure mai tsada, domin kalmar kora ta gama-gari a rubuce take a kan allunan da aka ɗaga a babban taron jam'iyyar Republican na 2024. Abin da ya biyo baya a 2025 ya nuna haka. An kai samame wuraren wankin mota da gonaki da bakin shagunan kayan gini inda leburori ke jiran mai ɗauka. A Los Angeles an kai ga turo dakarun tsaron ƙasa a watan Yuni. A Satumba Kotun Ƙoli ta ɗage umarnin wata kotu da ya hana jami'ai tsayar da mutum don kamanninsa, ko harshen da yake yi, ko irin aikin da aka gan shi yana yi. An soke izinin zama na wucin gadi na dubban ɗaruruwan 'yan Venezuela, mutanen da danginsu a Fulorida suka fi kowa ɗaga tutar Trump. Ɗan ƙasa haifaffe ya koma yawo da fasfo a aljihu a garin da aka binne cibiyarsa. Raba uba da 'ya'yansa bayan ya shekara ashirin yana yi wa ƙasa gini zalunci ne, ko wace doka aka karanto.

Ƙuri'ar ma ba ta tsaya inda aka bar ta ba. A zaɓen gwamnan New Jersey na Nuwamban 2025, gundumar Passaic mai yawan 'yan Latino, wadda Trump ya ci shekara guda kafin nan, ta koma ga Mikie Sherrill ta Democrat. A Disamba birnin Miami ya zaɓi Eileen Higgins, 'yar Democrat ta farko a kujerar magajin gari cikin kusan shekara 30. Tun a 2024 ma an ga alama a Arizona, inda Trump ya ci jihar amma Ruben Gallego na Democrat ya ci kujerar sanata, saboda ya yi ta zuwa wuraren da ma'aikata suke yana maganar haya da albashi. Mutanen da suka hukunta Biden a kan tsada a shirye suke su hukunta wanda ya gaje shi a kan abu guda.

Game da 'ya'yanka, hanyar ta yi kama amma ba ɗaya ba ce. Za su samu abin da 'ya'yan baƙi ke samu: Turanci, takardar haihuwa, da uban da ya nuna musu aiki. Sai dai baƙaƙen fata ne, kuma ka ga hawa na 33 da na ambata. Ɗan Latino mai hasken fata jikansa zai iya ɓacewa cikin Turawa, naka ba zai ɓace ba, kuma binciken Chetty ya nuna nauyin ya fi faɗa wa 'ya'ya maza. Don haka unguwar da yaro ya tashi da makarantar da ya shiga su ne abin da zan ce ka fi sa wa ido, ko da za ka rage aike gida na ɗan lokaci. In kana da katin zama kuma ka cika shekara biyar, kada ka yi jinkirin neman zama ɗan ƙasa. Ka riƙa cike takardun haraji kowace shekara kana ajiye kwafi, ka gina tarihin biyan bashi a banki tun yanzu, domin da shi ake auna mai neman sayen gida.

Shi kuma abokin naka, kada ka yanke cin abinci da shi, yanzu ne ma gidansu ke cikin fargaba. In ka samu dama ka gaya masa ƙanin matarsa yana da haƙƙi ko ba takarda: ba dole ne ya buɗe ƙofar gida ba sai an nuna sammacin da alƙali ya sa wa hannu, yana da ikon yin shiru, kada kuma ya sa hannu a takardar da bai fahimta ba. Su nemi lauyan shige da fice na gaske ko ƙungiyar agaji da gwamnati ta amince da ita, su guji masu ofis a bakin titi da ake kira "notario", waɗanda ba lauyoyi ba ne kuma sun jefa mutane da yawa cikin matsala. Su kuma rubuta tun yau wanda zai ɗauko yara daga makaranta in wata rana bai dawo daga aiki ba.